Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan horar da malamai da 'yan sanda su gane ɗalibin da ya sha ƙwaya

Wa alaikumus salam, Malama. Na ga tambayarki cewa kwamitin makarantarku yana son gayyato 'yan sanda da jami'an NDLEA su koya wa malamai yadda ake gane ɗalibin da ke cikin maye, kina kuma fargabar kada abin ya mayar da makaranta caji ofis. Na daɗe ina aikin ba ɗalibai shawara a sakandare, na zauna a irin wannan horo, na kuma taya shirya shi, to ga abin da na gani.

Ku yi, yana da amfani, amma kada ku bar shi a hannun masu kaki su kaɗai. Dole a sami ma'aikacin lafiya a ɗakin, nas ko likita, kuma su ma 'yan sandan su zauna a kujerar masu koyo. Kowa da abin da ya sani. Jami'in NDLEA ya san abin da ke yawo a unguwa da sunan da yara ke kiransa wannan watan. Malamin aji ya san yadda yaron yake a ranar da yake lafiya lau, wanda shi ne ma'aunin komai. Nas kuwa ita ce za ta ce muku ku dakata, wannan ba ƙwaya ba ce, ciwo ne.

Wannan na ƙarshe shi na fi so ki riƙe. Inda aka faro tsarin nan a Amurka, 'yan sandan birnin Los Angeles ne suka fara shi a shekarun 1970, saboda suna tare direbobi suna layi, a sa su hura na'urar gwajin giya, ta nuna babu komai. Suka haɗa kai da likitoci suka fito da tsarin bincike mai matakai 12, suka kasa ƙwayoyi gida 7 bisa yadda kowane gida ke taɓa ido da bugun jini da tafiya. Daga baya aka ciro wani sashe domin ma'aikatan makarantu, shi ake kira DITEP. A tsarin nasu, kafin jami'i ya ce wace ƙwaya ce, sai ya fara tabbatar da cewa ba rashin lafiya ba ne. Mu a nan wannan matakin ne muke tsallakewa.

A wata makaranta da na yi aiki, wata yarinya 'yar aji biyar ta fara magana ba kan gado ana cikin darasi, gumi ya jiƙe mata hijabi, hannunta na rawa, ta tashi tana tangaɗi. Kafin ka ce kwabo, labari ya zaga cewa ta sha kodin, har an aika a kira mai ladabtarwa. Allah ya sa nas tana nan. Ta taɓa goshinta ta ji sanyi ƙalau, ta tambayi ƙawarta, ashe yarinyar tana da ciwon suga, ta yi allurarta da safe ba ta karya ba. Ruwan sukari aka ba ta, ba a yi minti ashirin ba ta dawo hayyacinta tana tambayar me ya faru. Amma sunan "'yar kodin" bai bar ta ba har ta gama makarantar. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, sanƙarau, buguwa a ka wajen ƙwallo, yaron da farfaɗiya ta sake shi bai gama dawowa ba, duk suna kama da maye ga idon da bai koya ba. Ga kuma masu sikila, waɗanda likita da kansa yake rubuta wa maganin ciwo mai ƙarfi.

Akwai kuma kishiyar haka. Tiramol idan aka sha da yawa yana sa jijjiga kamar farfaɗiya. Sai a ce iska ce, a kewaye yaro ana tofi, alhali asibiti yake buƙata a lokacin. Ba na hana addu'a, a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Game da alamomin kuwa, jan ido shi ne mafi raunin hujja, ko da yake shi kowa ke fara kawowa. Ƙurar hunturu, apolo, rashin barci da kuka duk suna ja da ido. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne ɗigon baƙin nan da ke tsakiyar ido. Kodin da danginsa suna tsuke shi ya koma ƙanƙani ko a cikin inuwa, ga gyangyaɗi, ga soshe-soshen fuska da hanci, murya ta yi ƙasa. Masu sa kuzari suna buɗe shi, yaro ya kasa zama wuri ɗaya, surutu ba birki. Ekzol da zaƙami su ma suna buɗe shi, amma da bushewar baki, da ruɗewa, wani lokaci yaro yana kama abin da babu shi a iska. Roci da sauran magungunan barci suna sa harshe ya yi nauyi da tafiyar mashayi, amma babu warin giya. Sholisho kuwa hanci ne ke fara kama shi, sai ki duba hannun riga ko wani tsumma a aljihu. A horon da ya fi yi min amfani, nas ta rufe tagogi, ta sa muka zauna bibbiyu muna haska wa juna ƙaramar tocila daga gefen ido muna kallon yadda ɗigon ke tsukewa ya saki. Wasu malamai sun shekara ashirin suna koyarwa ba su taɓa lura da haka ba. Alama ɗaya dai ba ta isa, kuma yaran yanzu haɗawa suke yi, su zuba biyu ko uku a robar lemo, sai alamomin su cakuɗe. Don haka malami ba shi ne mai yanke cewa ƙwaya kaza ce ba. Nasa shi ne ya gane cewa yaron nan ba daidai yake ba yau, ya kuma san ko na gaggawa ne.

Na gaggawar shi ya kamata a fi ɓata lokaci a kai. Yaron da aka girgiza bai farka ba, yana minshari mai nauyi, numfashinsa bai kai sau 10 a minti ba, leɓɓansa sun canza launi, wannan ba a barinsa "ya yi barci abin ya sake shi". A kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, a nufi asibiti. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin kodin da danginsa, ku tambayi asibitin da ke kusa da ku ko suna ajiye ta. Wannan darasin 'yan sanda sun fi mu buƙatarsa, domin su ne ke kulle mutum a sel da dare a kan cewa ya bugu, kuma wanda ya bugu da wanda ya fashe kai duk kwanciya suke yi iri ɗaya.

Kafin ranar horon, ku zauna da DPO da jami'in NDLEA da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ku rubuta yarjejeniya, ko shafi ɗaya ne. Idan malami ya ga alama, wa zai fara kira? Mu abin da muka tsayar shi ne a janye yaron daga aji cikin sirri, malamai biyu su zauna da shi, mace ga mace, a rubuta abin da ido ya gani kawai: ƙarfe nawa, yaya tafiyarsa, yaya maganarsa, me aka ji wari. Ba a rubuta "ya sha ƙwaya". Sai nas, sai iyaye. 'Yan sanda aikinsu yana bakin ƙofa, wato mai shagon da ke sayarwa a bayan katanga da ɗan kemis ɗin da ke ba yara magani ba takardar likita. Idan yara suka ga cewa duk wanda malami ya lura da shi ofis ake kai shi, ranar da abokinsu zai faɗi a banɗaki ba wanda zai zo ya gaya muku, ɓoye shi za su yi.

Za a kawo muku maganar gwajin fitsari, iyaye suna sonta ƙwarai. Yana da wurinsa, amma abin da yake nunawa shi ne an taɓa sha a kwanakin baya, ba wai yaron yana cikin maye yanzu ba. Wiwi kan daɗe a fitsarin mai yawan sha har makonni. Kuma ba kowace ƙwaya ce ƙaramin gwajin ke kamawa ba.

Idan wani a kwamiti ya ce makarantarmu ta mata ce ko ta 'ya'yan mutunci ce, ba ruwanmu, ki tuna masa binciken ƙasa na 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka. Mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 aka ƙiyasta sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, kuma duk mai aiki da yara ya san hanin bai kawo ƙarshen abin ba, wasu sun koma wani abu ne kawai.

Horon gane alama rabin aiki ne, domin yana kama wanda ya riga ya fara. Ku tambayi ma'aikatar ilimi ko ofishin NDLEA na jiharku game da Unplugged, darussa 12 ne da malamin aji ke koyarwa da kansa ga yara 'yan ƙaramar sakandare, an gwada shi a makarantun gwamnatin tarayya da tallafin UNODC. Akwai kuma kulob ɗin WADA, wato na yaƙi da shan ƙwaya, da NDLEA ke kafawa a makarantu tun bayan ƙaddamar da shirin a 2021. Ni dai ban cika yarda da lacca ɗaya a filin taro ana nuna hotunan mahaukata ba, yara suna dariya ne su watse.

Sannan ku san inda za ku tura yaro tun kafin ku same shi. Ofisoshin NDLEA na jihohi suna da sashen ba da shawara, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ga na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato, ga na Maiduguri. Ku je da ƙafarku ku ga mai kula da sashen, ku karɓi lambarsa. Ku kuma sa masu gadi, da matan da ke kula da ɗakin kwana, da masu sayar da abinci a cikin horon, domin sun fi malamin lissafi ganin abin da ke faruwa a bayan ajujuwa. Idan kun tsayar da rana ki sanar a nan, zan turo miki samfurin takardar da muke cikewa ki gyara ta daidai da makarantarku.