Lifidi, Sulke da Bindiga Mai Ruwa

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce a labarin zuwan Turawa da kuke karantawa a makaranta kana cin karo da su lifidi, sulke da kwalkwali, ka kasa gane su, kana tambaya ko ana amfani da su har yau. Ai kuwa duk hawan salla suna wucewa ta gabanka, sunansu ne ba a faɗa maka ba.

Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke ta layi-layi, a sa wa doki, mahayin ma ya sa tasa. Kibiya in ta same ta sai ta maƙale a ciki. Nauyi gare ta, shi ya sa ba kowane doki ke iya ɗauka ba, kuma 'yan lifidi ba su da yawa, su ne ke kewaye da sarki. Sulke kuwa zobban ƙarfe ne ƙanana aka sarƙa, saran takobi yake tarewa. Kwalkwali hular yaƙi ce, wadda za ka ga an soka mata gashin jimina. Barde jarumin mahayi ne, dakaru masu yaƙi a ƙasa, 'yan baka masu harbin kibiya.

To ka lura, duk don mashi, takobi da kibiya aka yi kayan nan. Sojojin Kanar Molan da suka iso Kano a Fabrairun 1903 igwa suka zo da ita, wato babbar bindiga, suka fasa ƙofar ganuwa, ga kuma bindiga mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa don kada bakinta ya yi zafi, tana ta aman harsashi ba tsayawa. Lifidi bai tare wannan ba. Sarki Alu ba ya gari ranar, Waziri Ahmadu kuma daga baya aka kashe shi a yaƙin Kwatarkwashi. Kada ka ɗauka duk maharan fararen fata ne: hafsoshin ne Turawa, yawancin sojojin 'yan ƙasa ne, har da Hausawa.

In ka ga “Nasara”, Turawan ake nufi. In ka ga “hijira”, kada ka ce gudu ne. Bayan Sakkwato ta faɗi a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki tuta ya nufi gabas don kada ya zauna ƙarƙashinsu, talakawa suka bar gonaki suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi a Yulin 1903. Zuriyar waɗanda suka tsira suna Mai Wurno a Sudan.

Ka gaishe da mahaifiyarka.

Baffanka.