An Cire Wa Ɗiyata Afendis, Sai Gwaji Ya Nuna Ƙari

Tambaya: Likita, an yi wa ɗiyata 'yar shekara 14 aikin afendis a Gusau. Sakamakon gwajin tsokar ya nuna ƙarin niyuro-endokirin, santimita 1. Gwaggonta ta ce tunda wuƙa ta taɓa daji, an tashe shi ke nan. Ko barci ba na yi.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Niyuro-endokirin ƙari ne da ke tasowa daga ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadaran homon. A cikin irin wannan ƙarin da ke fita a hanjin yara, na afendis ya fi yawa, kuma galibi haka ake gano shi, bayan an yi aiki don ciwon ciki. Yana girma a hankali. In bai kai santimita 2 ba kuma an cire shi duka, yawanci aikin nan shi ne maganin. Ki duba takardar, ko gefen yankan ya fita tsaf ba sauran ƙari, da kuma lambar Ki-67, wadda ke nuna saurin girman ƙarin. Ƙasa da kashi 3 cikin 100 shi ne mataki mafi sauƙi. In an ga abin shakka, sai a tura ku asibitin koyarwa na Sakkwato.

Maganar gwaggo kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Wuƙa ba ta tada daji. Abin da ke faruwa, mutum ya yi shekara yana jiƙe-jiƙe da turare, sai ciki ya kumbura a kawo shi, a buɗe a tarar abu ya riga ya bazu. Sai a ce wuƙa ce. Mai lasifika a bayan mota ranar kasuwa shi ke yaɗa wannan, don jarkarsa ta ƙare. Na ga uban da aka miƙa wa afendis ɗin ɗansa a kwalba ya kai gwaji, ya je ya binne a bayan gida, wai kada a tono masa cuta. Yanzu wa zai gaya masa abin da ke ciki? Ke da kika kai taki, kin yi daidai.

In za a auna wa ɗiyarki sinadarin 5-HIAA a fitsari, wanda irin wannan ƙarin kan iya ƙara yawansa, ta bar ayaba da abarba da tumatir kwana uku kafin nan. Ki kuma gaya wa likita in tana shan omefrazol, maganin olsa, domin yana ɗaga sakamakon gwajin jini na kuromogiranin, wanda shi ma akan yi don bin diddigin irin wannan ƙarin.