Amsa ga mai ɗigogin da suka ƙi hawa taswira

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, ka ce ka sauke QGIS, manhajar haɗa taswira, ka zuba wuraren da ka ɗauka da GPS, ɗigogin suka watse can wani wuri, har kana tunanin ko kanka ne ba ya ja. Wallahi sai da raina ya sosu. Kanka lafiya lau, tushen ne ba a ba ka ba.

Mu wanda ya koyar da mu, danna nan danna can kawai ya sani. Ko sau ɗaya bai zaunar da mu ya ce ga yadda lamba take zama wuri a doron ƙasa ba. Ranar da za a nuna aiki gaban manya, shi ya miƙo mini teburin lambobin da ya shirya da hannunsa, ashe ya juya latitud da lonjitud. Na buɗe a babban allo, duk wuraren da muka sha rana muka auna suka bayyana a tsakiyar teku. Aka fashe da dariya. Maimakon ya ce daga gare shi ne, sai ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba sa mai da hankali. Ina tsaye gumi na keto mini, bakina ya mutu. Har yau in na tuna yadda ya gyara zama yana murmushi, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na bar shi da Allah.

To, fara duba wannan: X shi ne lonjitud (gabas da yamma), Y shi ne latitud (arewa da kudu). Baki ya saba faɗin latitud da farko, manhajar kuwa X take tambaya da farko. GPS na ba da lambobi a tsarin WGS 84, a QGIS ka zaɓi lambarsa, EPSG:4326. In ka ga lambobin sun kai dubu ɗaruruwa, to mita ne, wataƙila UTM, wanda ya yanka duniya shiyya 60, kowace digiri 6, kuma dole ka san shiyyarka. In lambobin na digiri da minti ne, minti 30 shi ne 0.5 na digiri, kada ka rubuta 0.30.

Kar ka auna faɗin fili da digiri, don Allah. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, na lonjitud kuwa yana tsukewa in ana nufar arewa ko kudu can ƙurya. Duniya dunƙulalliya ce, kamar fatar ƙwallo, ba ta shimfiɗuwa sai an ja wani gefe. Shi ya sa taswirar Mercator ta 1569 ke nuna Greenland kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Wannan ma mutumin nan bai taɓa faɗa mana ba.

Af, in wani ya turo maka shapefile, wato bayanan taswira masu zuwa a fayiloli da yawa, ka tabbata .shp da .shx da .dbf da .prj sun zo tare. Ni yanzu GeoPackage nake amfani da shi, fayil ɗaya, hankali kwance. Kuma kar wani ya karɓi kuɗinka don hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, kyauta ne.

Turo mana layuka biyu na farkon teburin naka mu ga lambobin.