Amsa kan ma'anonin kalmar "funny"

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kalmar "funny" ta Ingilishi ma'anarta ɗaya ce tak, wato abin ban dariya. A gaskiya ma'anarta ta fi ɗaya. Wadda ka ambata ita ce ta asali, ta samo tushe daga kalmar "fun" tun ƙarni na 18, kuma ita ake nufi idan aka siffanta labari ko mai barkwanci da ita. Daga baya kalmar ta sami ma'ana ta biyu, wato abin da ya saɓa wa yadda aka san shi, kuma a nan nake ganin ya wajaba mai koyo ya yi hattara sosai. Idan Bature ya ce nama yana da "funny smell", yana nufin ya fara lalacewa, idan kuma ya ce "I feel funny", to jikinsa ne ba ya jin daɗinsa, saboda haka sannu ce ta dace da shi. "Funny business" kuwa cuwa-cuwa ce. Haka nan idan biki ya yi armashi, "fun" ake cewa, domin "funny" za ta nuna cewa bikin ya ba mutane dariya ne.