Ana shirin kafa fankokin lantarki a bayan garinmu: mene ne illarsu ga mutane, dabbobi da tsuntsaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a jihar Katsina, ina da 'yan shanu kuma. Kwanan baya wasu mutane sun zo suna auna fili a bayan garinmu, aka ce manyan fankokin nan da iska ke juyawa su ba da wuta za a kafa, irin waɗanda aka kafa a Lambar Rimi a nan jiharmu. Tun daga nan surutu ya yi yawa. Wasu na cewa ƙararsu na sa ciwo, wasu na cewa suna korar hadari, shanu su ƙafe da nono, tsuntsaye su ƙare. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara sauke maka nauyi biyu. Fankokin ba sa korar hadari. Yawancinsu tsayinsu bai wuce mita 200 zuwa 250 ba, gizagizan ruwa kuwa suna can sama da haka nesa. Shanu ma ba ruwansu. A Amurka da Ostareliya shanu da tumaki na kiwo har gindin ƙarafan, da rana ma su kwanta a inuwarsu.

Ƙara kam akwai ta. Wani irin huci ne da fiffike ke yi duk lokacin da ya yanki iska, kuma daga nisan mita 400 ko 500 bai fi gunjin firij a cikin ɗaki ba. A 2014 hukumar lafiya ta Kanada ta binciki gidaje sama da 1,200 da ke kusa da irin waɗannan fankoki, ba ta sami alaƙa tsakanin ƙarar da ciwo ko rashin barci ba, amma ta ga cewa yadda ƙarar ke ƙaruwa haka mutanen da abin ke damu ke ƙaruwa. Wannan damuwa ba ƙarya ba ce, musamman a karkara inda dare ke yin tsit. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 kada matsakaicin ƙarar ya wuce desibel 45 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) a wurin da mutane ke zaune. Akwai kuma inuwar fiffike da ke giftawa ta cikin gida da hantsi ko da yamma idan rana ta yi ƙasa. A Jamus ba a yarda ta wuce awa 30 a shekara a kan gida ɗaya ba. Maganin duka biyun tazara ce. Ka lura kuma, na Lambar Rimi ƙanana ne: guda 37 ne suka haɗa megawat 10 (megawat ma'aunin ƙarfin wuta ne), alhali na zamani guda biyu ko uku sun isa su ba da haka. Don haka kada a auna muku tazara da ma'aunin wancan.

Batun tsuntsaye yana da gaskiya a ciki. Za ka ji masu kare harkar na cewa kyanwoyi a Amurka na kashe biliyoyin tsuntsaye a shekara, fankoki kuwa 'yan dubban ɗaruruwa. Lissafin daidai ne, amma ban yarda a fake da shi ba, domin kyanwa ba ta kama gaggafa ko ungulu. Daga nesa fanka kamar a hankali take juyawa, alhali bakin fiffiken na iya gudun kilomita 250 ko fiye a awa. Ungulu kuwa idan tana shawagi ƙasa take kallo tana neman mushe, kuma ƙwai ɗaya take yi a shekara, saboda haka mutuwar 'yan kaɗan ma gibi ne babba. Ungulun da muka taso muna gani a mahauta da bayan kasuwa tun 2015 tana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A Altamont da ke Kaliforniya, inda aka jera dubban ƙananan fankoki a farkon shekarun 1980 a daidai wurin farautar gaggafa, an yi ta tsintar gawarwakinsu shekara da shekaru. Laifin na zaɓen wuri ne.

Kuma an san abin da ke rage ɓarnar. A Kadis ta kudancin Sifaniya an sa masu tsaro suna tsayar da fanka idan sun hango ungulaye na tahowa; mutuwarsu ta ragu da rabi, wutar da aka yi asara ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. A tsibirin Simola na Norwe an shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. A Kipeto ta Kenya har kwashe mushe ake yi daga filin don kada ya jawo ungulu. Jemagu, waɗanda ke cinye mana ƙwarin gona da dare, sun fi mutuwa a daren da iska ba ta da ƙarfi, don haka hana fankokin juyawa a irin wannan dare na ceton rabinsu ko fiye.

Amma Malam, abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne wanda ba ka tambaya ba: filin. Tashar Tafkin Turkana a Kenya, mai fankoki 365 da megawat 310, ita ce mafi girma a Afirka lokacin da aka buɗe ta a 2019. Ta kawo hanya da ayyukan yi, amma an ɗage ƙauyen Sarima daga mazauninsa, makiyaya kuma suka kai ƙara kan eka 150,000 da aka ba kamfanin da ya gina ta. A 2021 kotu ta ce ba a bi doka ba wajen bayar da filin. A shekarar dai kotun ƙolin Norwe ta yanke cewa fankoki 151 a yankin Fosen sun tauye haƙƙin 'yan ƙabilar Sami, masu kiwon wata irin barewa ta ƙasashen sanyi, bayan an riga an gama ginawa. A wuraren biyu makiyaya ne suka ji jiki, domin filin kiwo shi ne wanda ake yi wa kallon ba na kowa ba.

Gindin fanka ɗaya ba ya cin wuri da yawa. Hanyoyin manyan motoci, layin waya da shinge su ne ke yanka gonaki su tare burtali. A Najeriya kuma, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar amfanin gona, itatuwa da gini ake biya, ba kuɗin ƙasar kanta ba. Wanda aka biya kuɗin geron damina ɗaya ya rasa gonar shekara 20 ko 25, an cuce shi. A ƙasashe da dama haya ake biyan mai gona duk shekara kan kowace fanka, yana kuma ci gaba da nomansa a kewayenta. Wannan shi ne abin da zan so ku nema.

Wata dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta a yi binciken illar manyan ayyuka ga muhalli, a kuma baje rahoton jama'a su gani kafin a amince. Ku je wurin dagaci da hakimi a ƙungiyance, manoma da makiyaya tare, ku nemi a karanta muku shi da Hausa. Ku tambayi nisan fanka mafi kusa da gidaje, ko an ƙirga tsuntsayen wurin rani da damina, ko burtali da mashaya za su zauna a buɗe, da wanda zai tumɓuke ƙarafan idan sun tsufa. Ku tambaya ko garinku zai sami wutar, domin irin wannan wuta babban layin ƙasa take shiga kai tsaye. Ta Turkana tafiyar sama da kilomita 400 take yi kafin a sauke ta. Duk alkawarin da aka yi muku, na rijiya ne, na aiki ne ko na taransifoma, a rubuta shi a takarda da sa hannun kamfani da ƙaramar hukuma kafin motar farko ta shiga filin.