Tambayoyinku da Amsoshinmu: Yadda Ake Bibiyar Matasan 'Yan Besbol a Ƙananan Gasannin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Columbus na jihar Ohayo a Amurka. Abokan karatuna sun kai ni kallon wasan besbol na ƙungiyar Clippers, kuma duk hirarsu a ranar a kan wani saurayin ɗan wasa take, wanda suka ce an kusa hawar da shi sama. Na ɗauka irin hawa da faɗuwar da muka sani a ƙwallon ƙafa ne, amma suka ce ba haka ba ne. Don Allah a yi mini bayani. Daga ɗanku a Columbus.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiyar abokanka ne. A ƙwallon ƙafa ƙungiya ce take hawa ko ta faɗo, amma a besbol na Amurka ƙungiya tana nan inda take, ɗan wasa ne yake hawa shi kaɗai. Babbar gasar, wadda ake kira MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kuma kowacce tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu da take renon matasanta a cikinsu, wato 120 ke nan gaba ɗaya tun bayan garambawul ɗin shekarar 2021, wanda ya rage adadin daga kusan 160. Matakin farko shi ne Single-A, sai High-A, sai Double-A, sannan Triple-A wanda daga shi sai babbar gasa. A ƙasan waɗannan akwai gasannin sansanin horo a Arizona da Fulorida da Jamhuriyar Dominika, inda ake fara gwada yara 'yan shekara 16 zuwa 19. Clippers ɗin da ka kalla ƙungiyar Triple-A ce ta Cleveland Guardians, saboda haka saurayin da abokanka suke magana a kansa kiran waya ɗaya ne tsakaninsa da babbar gasa.

Amurkawa suna kiran wannan tsari gona, kuma sunan ya dace, domin shuka ake yi a jira girbi. Branch Rickey ne ya assasa shi a ƙungiyar St. Louis Cardinals a shekarun 1920, saboda ƙungiyarsa ba ta da kuɗin da za ta yi gogayya da masu arziki wajen sayen ƙwararru, sai ya ga gara ya rene nasa tun suna ɗanye. Shi ne kuma daga baya ya ɗauki Jackie Robinson, baƙar fata na farko a babbar gasar ta zamani, ya fara tura shi Montreal Royals a 1946 kafin ya hawar da shi Brooklyn Dodgers a 1947. Matasa suna shiga gonar ta ƙofa biyu: 'yan Amurka da Kanada da Puerto Rico ta zaɓen da ake yi kowane watan Yuli, mai zagaye 20, sauran ƙasashe kuma ta yarjejeniya kai tsaye daga shekara 16. Abin da ya kamata ka lura da shi idan ka koma filin shi ne, kocin ƙaramar ƙungiya ba cin wasa ne babban aikinsa ba. Yana iya cire mai jifan da ke wasa da kyau a tsakiyar wasa don kawai ya cika adadin jifan da uwar ƙungiya ta ƙayyade masa, ko da hakan zai sa a sha kashi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ɗan jima ina bin alƙaluman matasan 'yan besbol ta intanet, amma wani abu yana ɗaure mini kai. Sai in ga ɗan wasa yana da matsakaicin bugu na .340 a Triple-A an bar shi a can, a ɗauko wani mai .265 daga Double-A ana ta yabonsa. Son kai ne, ko akwai abin da ban gane ba? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai. Ba son kai ba ne a mafi yawan lokuta, kuma wannan tambaya ita ce ƙashin bayan sana'ar bibiyar matasa baki ɗaya. Ga waɗanda ba su saba ba, matsakaicin bugu na .300 yana nufin mai bugu yana samun nasarar bugun da ya kai shi tasha (ɗaya daga cikin wuraren tsayawa da yake zagayawa a fili) sau uku cikin kowane goma, kuma wannan adadi ne mai kyau ƙwarai. Sai dai adadin shi kaɗai, in ba a haɗa shi da shekarun mai shi da wurin da ya yi shi ba, ba ya faɗin komai.

A fara da shekaru, domin a ganina babu ma'aunin da ya kai shi muhimmanci. Yawancin 'yan wasan Single-A suna wajen shekara 21, na Double-A wajen 24, na Triple-A kuma sun haura haka, cikinsu har da waɗanda suka taɓa ɗanɗana babbar gasa aka dawo da su. Idan mutum mai shekara 28 yana buga .340 a Triple-A, to babba ne da ya gama girma yana nuna iya abin da zai iya, kuma da wuya ya ƙara wani abu a kai. Idan kuwa yaro ɗan shekara 20 yana buga .265 a Double-A, to yana tsayawa ne da ƙafarsa a gaban waɗanda suka girme shi da shekara huɗu, alhali jikinsa bai gama cika ba. Masu zaƙulo 'yan wasa na biyun za su zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Juan Soto, wanda ya fara kakar 2018 a Single-A, ya ratsa matakai cikin 'yan makonni, ya shiga Washington Nationals a watan Mayu yana ɗan shekara 19, ba tare da ya taka Triple-A ba. Wannan ma yana nuna wani abu da sababbin masu bibiya ba su cika sani ba: Double-A ne ake ɗauka a matsayin wurin tacewa na gaskiya, domin a nan ne masu jifa suke fara iya sarrafa ƙwallo mai lanƙwasa su ajiye ta inda suke so, kuma wanda ya tsallake wannan mataki lafiya ana ganin ya kusa.

Na biyu shi ne wuri. Wasu garuruwan gasar Pacific Coast ta Triple-A, irin su Albuquerque da Reno da Salt Lake City, suna kan tudu mai tsayi. Albuquerque ta kai kusan mita 1,600 sama da teku. Iska a can ba ta da kauri, saboda haka ƙwallon da aka buga tana tafiya da nisa, wadda aka jefa kuma ba ta lanƙwasa yadda ya kamata. Mai bugu na tsaka-tsaki sai ya zama kamar gwarzo, mai jifa nagari kuma ya zama kamar bai iya ba. Akasin haka ake gani a gasar jihar Fulorida, inda filaye masu faɗi da iska mai laima suke danne alƙaluman masu bugu. Duk lokacin da ka ga adadi, ka kwatanta shi da matsakaicin gasar da aka yi shi a cikinta kafin ka yanke hukunci.

Na uku, ka duba sau nawa ake fitar da shi da jifa uku da ya kasa bugawa, da kuma sau nawa yake haƙura har mai jifa ya yi kuskure huɗu a ba shi tasha kyauta. Waɗannan biyun sun fi matsakaicin bugu gaskiya, domin sa'a ba ta cika shiga cikinsu ba. Saurayin da ake fitarwa sau ɗaya cikin kowane zuwa uku a Single-A, komai ƙarfin bugunsa, yana da matsala, domin masu jifan da ke sama sun fi waɗannan wayo nesa ba kusa ba. Haka ma a ɓangaren mai jifa, a duba yawan waɗanda yake fitarwa da ƙarancin waɗanda yake ba tasha kyauta, a kuma duba lafiyar gwiwar hannunsa, domin tiyatar nan da ake kira Tommy John, wadda likita Frank Jobe ya fara yi a 1974, tana kwantar da mai jifa shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi.

Bayan alƙaluma akwai idon masana. Suna auna mai bugu a kan baiwa biyar, wato iya bugu da ƙarfin bugu da gudu da tsaron fili da ƙarfin hannu, kuma kowacce ana ba ta maki daga 20 zuwa 80, inda 50 yake nufin daidai da matsakaicin ɗan babbar gasa. Da irin waɗannan rahotanni ne Baseball America take fitar da jerin matasa 100 mafi fice tun 1990, haka ma MLB Pipeline da FanGraphs da Baseball Prospectus suna da nasu. Ina ba ka shawara ka karanta dalilan da suka rubuta a ƙarƙashin kowane suna fiye da lambar da suka ba shi, domin tazarar da ke tsakanin na 40 da na 70 ba ta kai yadda lambar take nunawa ba. Kuma masanan nan suna kuskure. Brien Taylor, wanda New York Yankees ta ɗauka na farko a duk ƙasar a 1991, ya ji rauni a kafaɗa a wani faɗa a 1993, bai taɓa taka babbar gasa ba. Mike Piazza kuwa sai a zagaye na 62 aka ɗauke shi a 1988, amma ya shiga zauren karrama gwarzayen wasan a 2016, Albert Pujols ma sai a zagaye na 13 a 1999.

Ban ce son rai ba ya shiga kwata-kwata ba, sai dai na kuɗi ne. Ɗan wasa yana samun 'yancin sayar da kansa ne bayan shekara shida a babbar gasa, kuma kwana 172 ake lissafawa shekara guda. A 2015 Chicago Cubs ta riƙe Kris Bryant a Triple-A har zuwa 17 ga Afrilu, ya ƙare kakar da kwana 171, kwana ɗaya tak ya rage, wanda ya ba ƙungiyar ƙarin shekara guda a kansa. Ya lashe kyautar gwarzon sabon ɗan wasa a shekarar, wanda ya nuna ba rashin shiri ne ya tsare shi ba. Saboda irin wannan ne yarjejeniyar 2022 ta tanadi ƙarin gurbin zaɓe ga ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen matashinta idan ya lashe kyauta, kuma Seattle Mariners ta ci moriyar hakan ta hanyar Julio Rodríguez.

Tambaya: Malam, matashin da nake bi an hawar da shi, ya yi mako biyu bai taɓuka komai ba aka mayar da shi. Shi ke nan ya ƙare? Daga 'yar'uwarku a Kaduna.

Amsa: A'a, Malama, mako biyu ba ya isa a yi wa kowa hukunci. Mike Trout ya buga .220 kacal a wasanni 40 na farko a 2011, shekara mai zuwa ya zama gwarzon sabon ɗan wasa. Jackson Holliday, wanda ya hau matakai huɗu a 2023, ya shiga Baltimore Orioles a Afrilun 2024, ya samu bugu 2 cikin 34, aka mayar da shi Triple-A, sannan aka sake kiransa a ƙarshen watan Yuli. Doka ta ba ƙungiya damar yin wannan kai da kawo da ɗan wasa har tsawon kaka uku. Abin da za ki duba shi ne ko yawan fitar da shi da ake yi ya ragu bayan komawarsa, domin yawanci abin da aka tura shi ya gyara ke nan.

Tambaya: Salamu alaikum. Shin akwai ɗan Afirka da ya taɓa bin wannan hanya har ya kai? Kuma da wane lokaci za mu iya bin wasannin daga nan? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Akwai Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda Pittsburgh Pirates ta ɗauka a 2008. Ya shafe kaka takwas cur yana hawa mataki bayan mataki, ana yabon tsaron filinsa ana kokwanton bugunsa, a zamanin da albashin ƙananan gasanni bai taka kara ya karya ba, domin sai a 2022 'yan wasan suka shiga ƙungiyar ƙwadago, kuma yarjejeniyarsu ta farko a 2023 ce ta ɗaga mafi ƙarancin albashin Triple-A daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara. Ranar 26 ga Afrilun 2017 ya shiga fili a karawa da Chicago Cubs, ya zama ɗan wasa na farko da aka haifa a nahiyar Afirka da ya buga babbar gasa, kuma a zuwansa na farko ya samu bugu a hannun mai jifa Jon Lester.

Game da lokaci, ana buga kakar ne daga wajen Afrilu zuwa Satumba, ƙungiyoyi biyu suna karawa kwana shida a jere a gari ɗaya, a huta ranar Litinin. Wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka ƙarfe 12 na dare ne a Maraɗi da Kano, na yammacin ƙasar kuma sai wajen ƙarfe 3 na dare. Ranar Lahadi ce mafi sauƙi a gare mu, domin yawanci da rana ake yi a can, sai ya faɗo mana tsakanin magariba da isha'i. Sauran ranakun kuwa, sakamakon kowane ɗan wasa yana fitowa kyauta a shafin intanet na ƙananan gasannin, wato MiLB, da sassafe.