Hukuncin hada kananan jiragen kasa a gida da 'yan mutanen da ake jerawa a tasha

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, Allah ya kara lafiya. Ni mazaunin Hamburg ne a kasar Jamus, aikin wutar lantarki nake yi, akwai wani waje anan da ake kira Miniatur Wunderland inda suka gina kananan garuruwa jiragen kasa suna ta yawo a ciki, tunda na kai yara sau daya abin ya shiga raina, yanzu har na ware wani lungu a gida na shimfida katako na fara dora layin dogo, burina in hada tashar Kano irin ta da, da dalar gyada a gefe. To wani abokina yace haramun ne wai gumaka nake tarawa mala'iku ba zasu shiga gidana ba, ita kuma uwargida tace kudin sun yi yawa. Dan Allah malam menene hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. To dan uwa abokinka ya fadi gaskiya a wani bangare amma ya hade komai a kwarya daya, ai ba haka ake yi ba.

Shi kan jirgin da taragai da layin dogo da gada da duwatsu da bishiyoyi da dalar gyadarka, duk wannan babu laifi ko kadan, saboda basu da rai. Wani mai sana'ar zane yazo wajen Abdullahi dan Abbas (RA) yace da ita yake ci, sai ya karanta masa hadisin azabar masu yin sura, da yaga hankalin mutumin ya tashi sai yace masa in dai dole sai kayi to kayi bishiya da duk abin da bashi da rai, Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Kaga jirgi ya shiga nan kai tsaye. Kuma asali a al'amuran duniya halacci ne sai in dalili ya hana, Manzon Allah (SAW) ma da Hanzala yazo yana tsoron ko ya zama munafuki don yana shagala da iyali da gona, ce masa yayi lokaci da lokaci, wato akwai lokacin ibada akwai na harkar duniya.

Inda maganar take shine 'yan mutanen nan da shanu da dawakai da ake sayarwa a kwali a jera su a tasha. A ma'aunin da aka fi amfani dashi wato HO, komai an rage shi sau 87, saboda haka mutum bai fi santimita 2 ba, a ma'aunin N kuwa sau 160 ne, kadan ya haura santimita 1. Kankanta ne kam, amma dai mutum-mutumi ne mai jiki, in ka haska masa fitila zai yi inuwa. Malamanmu na Malikiyya sunce surar da take haramun itace wadda ta hada abu uku, ta zama ta mai rai ce mutum ko dabba, ta zama mai inuwa ba zane a takarda ba, sannan gabbanta su zama cikakku. In aka cire mata abin da mai rai ba zai rayu babu shi ba kamar kai, haramcin ya fadi. Akwai hadisi a Abu Dawud da Tirmizi da Jibrilu ya ki shiga gida saboda mutum-mutumi, sai yace a yanke kansa ya koma kamar bishiya. Wadannan 'yan mutanen da ake jerawa a tasha kuwa dukka sharuddan ukun sun hadu a kansu.

Nasan wani zai ce to ai Nana Aisha (RA) tana wasa da 'yan tsana har da doki mai fukafukai Annabi (SAW) ya gani yayi dariya bai hana ba. Gaskiya ne, haka ma sahabbai suna yiwa yara abin wasa da gashin tumaki ranar Ashura don su manta da yunwar azumi. Amma wannan rangwame na yara ne, kai kuma magidanci ne da gemunka, kuma tsakaninka da Allah kasan ba don yara ka shimfida katakon nan ba, kila ma in suka taba fada zaka yi musu. Hanafiyya sun sassauta akan surar da tayi kankantar da in tana kasa mutum yana tsaye ba zai iya bambance gabbanta ba, wanda ya bi wannan a kan 'yan ma'aunin N da basu da ido basu da baki ba zan ce masa ya aikata haram ba, sai dai naka a kan teburi suke daidai kirjinka kuma dama don a kura musu ido aka yi su, masu tsadar ma har fenti ake yi musu da hannu. Abin da nake ganin yafi maka shine ka bar tashar babu su, ko ka sa 'yar filaya ka cire kawunan, ko ka sa su cikin tarago inda ba a ganin komai sai alamar mutum. In kayi haka maganar mala'iku ta kau. Kuma ka lura da kwalayen gine-ginen Jamus din nan, da yawa akwai coci da gicciye a samansa da gidan giya, kar ka dora su, Nana Aisha tace Annabi (SAW) baya barin wani abu mai gicciye a gidansa face ya warware shi. Dama Kano kake ginawa, me ya kai su.

Sai maganar uwargida, kuma wallahi ita nafi ji maka tsoro akan ta abokinka. Kan jirgi daya sabo na kamfanin Märklin mai kera irin wadannan kananan jiragen zai iya cin yuro daruruwa, kuma wannan harka bata da karshe, yau tarago gobe na'urar sarrafawa jibi karin layi. Sayen abin sha'awa da kudinka na halal ba israfi bane in dai ci da sha da suturar iyali da kudin haya sun wadata, babu bashi a wuyanka, zakka ta fita, iyaye a gida basa jiran sako kana musu kwana-kwana. In daya daga cikin wadannan ya tabu saboda jirgin roba to ka shiga cikin hadisin da yace ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. Ka yanke wani adadi a wata ka fada mata shi da bakinka, kar ka wuce, kuma akwai na hannu a kasuwa da sauki.

Lokaci ma haka, mai hada waya in ya sunkuya sai magariba ta wuce bai sani ba, musamman can da ba a jin kiran sallah kuma ranar hunturu gajera ce azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. Ka sa kararrawa a wayarka, in ta buga ka kashe wutar layin ka tashi.

Allah ne mafi sani.